Ingilishin Probatuwar da Bak: Amsoshin Tambayoyinku kan Auna Fahimta da Nahawu

Na daɗe ina koyar da Ingilishi a Garwa da ke arewacin Kamaru, da safe a lise, wato makarantar sakandare, da yamma kuma a ƙofar gida ƙarƙashin darbejiya, inda 'yan Probatuwar da 'yan Bak, wato masu jarrabawar ajin kusa da ƙarshe da masu ta ajin ƙarshe na sakandare, ke zuwa da tsofaffin takardun jarrabawa mu warware tare. Daga watan Maris, lokacin da zafi ya fara gasa gari, tambayoyi sukan yi mini yawa, wasu baki da baki, wasu ta WhatsApp daga Marwa da Ngaundare, har daga Kusiri. Waɗanda suka fi dawowa su na tara a nan. Za ku ga ina cewa "Ingilishi" ko'ina, domin a wajenmu in ka ce "Turanci" wani Faransanci zai ɗauka.

Malam, yaya takardar take, kuma wa ke shirya ta?

Ga waɗanda suka bi tsarin Faransanci, wato yawancinmu a Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, Ofishin Bak na Kamaru ne ke shirya Probatuwar da Bak. Takardar Ingilishi kashi huɗu ce: nahawu, kalmomi, auna fahimta, sai insha'i. A tsofaffin takardun da ke hannuna kowane kashi maki 10 ne, a haɗa 40, a raba biyu ya koma bisa 20. Ta BEPC, jarrabawar ƙaramar sakandare, ma kusan haka take, sai dai ta fi sauƙi. Masu GCE, jarrabawar tsarin Ingilishi, hanyarsu daban, hukumarsu tana Buya, kuma su da Ingilishi suke duk karatunsu. Abin da zan faɗa zai amfane su, amma ba su na sa a gaba ba.

Me ya sa ake yawan kawo rubutu kan ilimi ko kimiyya?

Domin nan ne ake samun gardama. Labarin wani ya je kasuwa ya dawo ba ya nuna ko ɗalibi yana tunani. Amma rubutun da ke tambaya ko a bar yara su riƙe waya a makaranta, ko a fara koyar da su da harshen gida, ko a shuka irin da aka sauya wa ƙwayoyin halitta, dole a ji bakin mutum biyu ko uku a cikinsa. Mai shirya jarrabawa yana son ya ga ko ka iya rabe waɗannan bakuna.

Na san ma'anar kusan duk kalmomin, amma a auna fahimta nake zubar da maki. Ina matsalar?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna, domin yara masu ƙoƙari ne ke yin ta. Sun haddace kalmomi shafi-shafi, sai a ba su 4 bisa 10, su zo ido ya cika da ƙwalla.

Matsalar ita ce suna karanta rubutun kamar mutum ɗaya ne ke magana daga farko har ƙarshe, kuma duk abin da ke ciki ra'ayinsa ne. Alhali in gardama ta kaure a majalisar shayi kan ƙwallo ko kan farashin masara, yaron nan ba ya rikicewa. Ya san wa ya ce, wa ya musa, wa ya kawo maganar wani don ya rushe ta. In wani ya ce "wai an ce taki zai sauko bana", ya san mai maganar bai yarda ba, kalmar "wai" ta gaya masa. Ingilishi ma yana da nasa "wai", kuma shi ake tambaya a jarrabawa.

Ga ɗan rubutun da na tsara nake sa wa a allo kowace shekara:

"Supporters of genetically modified cotton claim that it is the answer to the farmer's problems. In Burkina Faso, where it was introduced in 2008, many farmers did spray their fields less often. However, the fibre turned out to be shorter, and the cotton companies abandoned the seed in 2016. This does not prove that the technology is useless. It suggests that a good harvest is not the only thing that matters."

Na zaɓi auduga ne domin babu ɗan Garwa da bai ga manyan motoci ɗauke da ita sun nufi kamfanin auduga na SODECOTON ba. Abin da ke cikin rubutun kuma ya faru: Burkina Faso ta karɓi irin, feshin maganin ƙwari ya ragu, amma silin audugar ya gajarce, darajarta ta faɗi a kasuwar duniya, kamfanoni suka janye.

Sai in yi tambaya: marubucin yana ganin wannan iri shi ne maganin matsalar manomi, gaskiya ko ƙarya? Rabin aji sukan ce gaskiya, su nuna mini jimlar farko da yatsa. Wata yarinya da ke zama a bencin gaba ta taɓa tashi da takardarta a hannu, ta ja layi da jan biro ƙarƙashin "the answer to the farmer's problems", ta ce, "Malam, ga shi a rubuce." Na ce, "'Yata, koma baya kaɗan, wa ya faɗa?" Ta duba, ta yi shiru, can ta ce a hankali, "Supporters ne." Na ce to fassara mini "claim". Ta ce, "Wai." Daga ranar ba ta sake faɗa wa wannan rami ba.

Sauran rabin ajin kuma sukan zarce su ce marubucin yana ƙin irin gaba ɗaya, domin sun ga "abandoned". Su ma sun yi sauri. Ya ce "does not prove", bai tabbatar ba ke nan, sannan ya ce "suggests", yana nuni. A tsakiya ya tsaya. Marubutan kimiyya haka suke, ba su cika rantsuwa ba.

Saboda haka ga abin da nake so ka riƙa yi. Ka fara karanta tambayoyin, sannan ka karanta rubutun sau biyu. A karo na biyu, kusa da kowace jimla mai ɗauke da ra'ayi, ka tambayi kanka: bakin wa ke nan? Na marubuci, na waɗanda yake goyon baya, ko na waɗanda ya kawo don ya ƙaryata? Ra'ayin marubuci yakan zo ne bayan "however" ko "yet" ko "in fact", kamar yadda a Hausa maganar gaskiya ke zuwa bayan "amma fa".

Waɗanne ƙananan kalmomi ne ya kamata in riƙe?

Masu juya magana da masu rage mata nauyi. "However", "yet", "nevertheless" duk amma ne. "Whereas" alhali ne. "Therefore" da "thus" saboda haka. "Moreover" da "besides" bugu da ƙari. Masu rage nauyi kuwa su ne "may", "might", "tend to", "some", "often", wato mai yiwuwa, sukan, wasu, sau da yawa. In rubutu ya ce "phones may distract some pupils", tambaya kuma ta ce "phones distract all pupils", amsa ƙarya ce, ko da a zuciyarka ka yarda waya tana ɗauke hankalin kowa.

Akwai guda ɗaya da Hausa kanta ke jefa mu. Mukan ce "ko da yake ya yi karatu, amma bai ci ba", kuma daidai ne. A Ingilishi ɗaya ake ɗauka: ko "although" a farko, ko "but" a tsakiya, ba a haɗa su. "Despite" kuma suna ne ke bin sa, ba cikakkiyar jimla ba: "despite the heat", amma "although it was hot". Da wuya shekara ta wuce ban ga wannan a kashin nahawu ba.

In rubutun ya cika da lambobi fa? Kaina juyawa yake.

Ka rage sauri a wurin, ka dubi ƙaramar kalmar da ke gaban lambar. Ɗauki Tafkin Chadi, wanda ake yawan kawowa in ana maganar muhalli. A farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000, sai fari na shekarun 1970 da 1980 ya janye ruwan har ya rage kusan kashi ɗaya cikin goma. Mai rubutu zai iya cewa "it shrank by about 90 per cent", ko ya ce "it shrank to about 10 per cent of its size". Magana ɗaya ce. "By" abin da ya tafi, "to" abin da ya rage. Wanda ya karanta "by 90" ya fahimci saura 90 ya juya labarin gaba ɗaya.

Kuma a nan ma akwai gardama. Wasu na cewa tafkin yana kan ƙafewa, a jawo masa ruwa daga kogunan yankin Kwango. Wasu masu bincike kuma, da suka bi hotunan tauraron ɗan Adam, suna cewa tun shekarun 1990 ya daina raguwa, yana cika yana janyewa ne gwargwadon damina. In aka ba ka irin wannan rubutu, kada abin da ka saba ji a rediyo ya amsa maka. Ka duba kowace lamba bakin wa ta fito.

Ka lura kuma Ingilishi waƙafi yake sa wa dubbai, ɗigo kuma ga gutsure. A Faransanci 2,5 biyu da rabi ne, a Ingilishi 2.5 ake rubutawa.

Faransancin da na iya zai taimake ni ko zai cuce ni?

Duka biyun. A rubutun kimiyya taimakonsa yana da yawa ƙwarai, domin "pollution", "vaccine", "climate", "technology", "population" duk ka san 'yan uwansu. Ɗan Kano da bai iya Faransanci ba sai ya haddace su ɗaya bayan ɗaya, kai kuwa kyauta ka same su.

Amma akwai masu kama da juna da ba uwa ɗaya ta haife su ba, kuma abin takaici a fagen ilimi suka fi yawa. "Library" ɗakin karatu ne, ba shagon sayar da littafi ba. "Lecture" darasin malamin jami'a ne, ba karantawa ba. "To attend" halarta ne, ba jira ba. "Actually" a gaskiya ne, ba yanzu ba. "Eventually" daga ƙarshe ne. Gwajin da ake yi a ɗakin kimiyya "experiment" ne, "experience" kuwa gogewa ce, ko da yake Faransanci kalma ɗaya yake da ita ga duka biyun. Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce "pass". A Faransanci "passer un examen" zama jarrabawa ne kawai. A Ingilishi "to pass an exam" cin ta ne, zaman kuma "to sit" ko "to take". Na sha ganin insha'in da yaro ya rubuta "I passed the exam but I failed", ya ci kuma ya faɗi a jimla ɗaya.

Ka ware shafuka biyu a bayan littafinka don irin waɗannan. Duk wadda ta kama ka sau ɗaya, ka rubuta ta da jimla taka ta kanka.

A nahawu me ya fi fitowa, kuma ta ina zan kama shi?

Abu huɗu nake yawan gani, kuma uku daga cikinsu Hausa ta riga ta shimfiɗa maka hanya.

Na farko jimlar sharaɗi. Hausa ta raba "in" da "da". "In gwamnati ta gina ɗakunan gwaji, yara za su fi ganewa", abin yana iya faruwa: "If the government builds laboratories, pupils will understand better." "Da na karanta tambayar, da na ci", ya riga ya wuce, sai nadama: "If I had read the question, I would have passed." Tsakaninsu akwai na buri, "da ina da ɗakin gwaji yanzu": "If I had a laboratory, I would teach better." Kafin ka cike gurbi, ka faɗi jimlar da Hausa a ranka. In "da … da" ta fito, to "would" na nan tafe a rabi na biyu. A irin waɗannan jimloli kada ka sa "would" a rabin da ke da "if", dokar da malaminka na Faransanci ya koya maka game da "si" ita ce nan ma.

Na biyu jimlar da ba a ambaci mai aiki ba. Rubutun kimiyya cike yake da ita, mu kuma kullum muna yin ta: an gano, an gwada, za a fara. "An gina madatsar Lagdo a kan Binuwai" shi ne "The Lagdo dam was built on the Benue." Inda yaranmu ke zubar da maki shi ne wutsiyar aikatau. Sukan rubuta "was introduce", "has been test". Ina ganin dalilin shi ne kalmomin Hausa da wasali suka fi ƙarewa, kunnenmu bai saba da baƙaƙe biyu ko uku a ƙarshen kalma ba, abin da kunne bai kama ba kuwa hannu ba ya rubutawa. Maganinsa karantawa da ƙarfi, kana fitar da ƙarshen kowace kalma, ko da 'yan gida za su yi ta kallonka.

Na uku "since" da "for". "Since" tun ne, "for" tsawon lokaci: "since 2020", "for five years". Har ma'anarsa ta biyu Hausa tana da ita, domin "since" yakan zama tunda: "since you are here", tunda kana nan. Tarkon yana wajen aikatau. Muna cewa "ina Garwa tun 2020", Faransanci ma haka yake yi da "depuis", sai yaro ya rubuta "I am in Garoua since 2020". Daidai shi ne "I have been".

Na huɗu shi ne wanda Hausa ba ta taimako a kansa, wato ba da rahoton maganar wani. Mu mukan ce "ya ce zai zo", "ta ce tana karatu", lokacin bai motsa ba. Ingilishi yakan ja shi baya taki ɗaya: "He said he would come", "She said she was studying." "Tomorrow" ya koma "the next day", "here" ya koma "there". Wannan sai yawan yi. Jimla biyar kowace rana na wata ɗaya sun isa su zaunar da shi.

Malam ya soke mini "informations" da "the science". Me ya sa?

Faransanci ne ya biyo ka. "Information", "research", "evidence", "advice", "equipment", "knowledge" ba sa ɗaukar jam'i a Ingilishi, kamar yadda ba ka ƙirga gari sai da mudu. In kana son guda ɗaya ka ce "a piece of advice". In kuma kana maganar abu gaba ɗayansa ba a sa "the": "Science has changed farming", "Education is a right." Ɗan kwaɓa ɗaya ga Bahaushe: kana da sa'a wajen "he" da "she", domin kana da shi da ita, abin da ke wahalar da abokinka mai Fulatanci. Amma tafki da makaranta da gwamnati duk "it" ne.

Malam, 'yata Hausa da Fulatanci take yi a gida. Ko in hana ta don Ingilishinta ya gyaru?

Hajiya, don Allah kada ki hana ta. Wannan ma ɗaya ce daga muhawarorin da ake kawo musu a jarrabawa, kuma an daɗe ana yin ta. Tun 1953 hukumar UNESCO ta ba da shawarar a fara koyar da yaro da harshen uwa. A Najeriya, daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ife inda aka koyar da yara duk shekaru shida na firamare da Yarbanci, Ingilishi kuma a matsayin darasi, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu a Ingilishin ba. Masu ja da wannan su ma suna da hujja, musamman a Kamaru mai harsuna fiye da 200. A aji ɗaya a Marwa za ki sami mai Fulatanci, mai Giziga, mai Mafa, mai Tupuri, mai Barbarci, mai Larabcin Shuwa, mai Hausa. Da wanne za a koyar, kuma ina littattafan?

Wannan matsalar gwamnati ce. A gida kuwa, abin da na gani da idona shi ne yarinyar da ta iya kafa hujja da Hausa, ta saurari kakarta ta mayar da labari daidai, ita ce ke saurin kama rubutun muhawara. Abin da 'yarki ke buƙata ƙari ne: rabin awa na Ingilishi kullum, da wurin zama mai haske, da a ɗan rage mata aikin gida daga Afrilu zuwa Yuni.

In rubutun ya faɗi abin da ban yarda da shi ba fa?

Yakan faru, musamman kan allurar rigakafi. A watan Janairu na 2024 Kamaru ta zama ƙasa ta farko da ta sa rigakafin zazzaɓin cizon sauro cikin alluran yara na yau da kullum, bayan gwajin da aka fara a Ghana da Kenya da Malawi a 2019. Surutu ya yi yawa a unguwanni, kamar yadda aka yi kan ɗigon shan inna lokacin da Kano ta dakatar da shi a 2003. Ni dai ina tare da rigakafi, kuma na ga ranar da aka bayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji a 2020. Amma a ajina akwai yaran da gidajensu ke da shakka, kuma ba na wulaƙanta su.

Abin da nake gaya musu shi ne: tambayar da ta fara da "according to the text" ko "according to the author" amana aka ba ka, ka isar da maganar wani yadda ya faɗe ta. Ɗan aike ba ya sauya saƙo don bai ji daɗinsa ba. Ra'ayinka yana da wurinsa, a tambayar ƙarshe mai cewa "in your opinion", da kuma insha'i. A can ba a ba da maki don ka yarda ko ka ƙi, hujjarka da Ingilishinka ake dubawa.

Zan iya kwafo jimla daga rubutun in ba da ita amsa?

In an ce "quote" ko "justify from the text", ƙwarai, ka kwafo daidai wurin kawai. In an ce "in your own words", a'a. Kwafo sakin layi sukutum da fatan amsar tana ciki ba ya kawo maki.

Yaya zan tsara insha'in muhawara?

Da farko ka duba siffar da aka nema, wasiƙa ce, jawabi ne, ko maƙala. In an ba ka sunan da za ka yi amfani da shi, shi za ka sa, kada ka rubuta naka na gaskiya. Sannan ka tsaya a gefe ɗaya tun sakin layi na farko. Ka kawo dalili biyu, kowanne da misalin da ka gani. In batun waya a makaranta ne, ka faɗi yadda 'yan ajinku ke tura wa juna hoton darasi domin littafi ɗaya ne a hannun mutum biyar, ko yadda wani ke kwana yana kallon bidiyo ya zo aji yana gyangyaɗi. Bayan haka ka ɗauko hujja mafi ƙarfi ta ɗaya ɓangaren, ka amsa ta. Yara da yawa suna tsoron wannan, suna ganin kamar sun ba abokin gardama makami, alhali nan mai gyara ke gane ɗalibi ya girma.

Ka guji gabatarwar da aka haddace, irin mai farawa da tun da aka halicci duniya. Mai gyara ya ga irinta ɗari kafin taka. Gajerun jimloli masu lafiya sun fi dogaye masu karaya a tsakiya.

Ba ni da kuɗin littattafai. Da me zan yi atisaye?

Tsofaffin takardun jarrabawa sun fi komai, kuma masu fotokofi na bakin lise suna da su. Ku haɗu ku huɗu ku sayi na shekaru biyar, ku riƙa yi da agogo a gaba. Jaridar Cameroon Tribune tana da labarai da harsunan biyu, ko tsohuwa ce ta wadatar. CRTV, tashar rediyo da talabijin ta gwamnati, tana karanta labarai da Ingilishi kowane dare. Dabarar da na fi so kuwa ita ce ka karanta labari a BBC Hausa, ka fahimce shi sarai, sannan ka nemo labarin a shafinsu na Ingilishi. Tunda ka san abin da ya faru, hankalinka zai koma kan yadda aka gina jimlolin. In wuta ta ɗauke, waya ta mutu, ka ɗauko takardar da ke cikin kwalin magani, yawanci akwai Ingilishi da Faransanci gefe da gefe.

Laifi ne in sa waya ta fassara mini rubutun?

Ka fara yi da kanka, ka amsa tambayoyin, sannan ka duba da waya. In ka fara da ita, ita ta yi atisayen, kuma ba za ta shiga ɗakin jarrabawa da kai ba. Game da "ruwa", wato tambayoyin jarrabawa da ake cewa an sato, da ake yaɗawa a WhatsApp daren jarrabawa, ina roƙonka da girman Allah ka nisance shi. Na ga yaron da ya kwana yana haddace amsar takardar bogi, ya shigo da safe ido jajur, ko rubutun da aka ba shi bai iya karantawa ba. Wanda aka kama da na gaske kuma hukunci ne ke jiransa.

Malam, mu da muke kasuwanci da Mubi da Yola da Hausa, me yaro zai yi da Ingilishi?

Gaskiyarka, Alhaji, a kasuwa Hausa ta isa. Amma ƙasar da yaron nan zai nemi aiki a cikinta harshen hukuma biyu gare ta tun 1961, shekarar da kudancin Kamarun Ingila ya haɗe da mu, arewacinsa kuma, har da Mubi, ya zaɓi Najeriya. A Disamba 2019 an sake yin doka kan daidaita harsunan biyu a ayyukan gwamnati. Ma'aikaci ana iya tura shi ko'ina. In kuma yaron ya shiga jami'a, ta Ngaundare, ko ta Marwa da aka kafa a 2008, ko ta Garwa da aka kafa a 2022, ya karanci likitancin dabbobi ko aikin gona ko kwamfuta, zai tarar mafi yawan sabon binciken da Ingilishi aka rubuta shi. Ko injin ban ruwa da ka sayo daga Yola, littafin da ke cikin kwalinsa da Ingilishi yake. Ka bar shi ya zo darasin yamma, ya koma shago bayan la'asar.

Ni a Njamena nake. Wannan bayani ya shafe ni?

Ya shafe ka, ƙanena. A Chadi Faransanci da Larabci ne harsunan hukuma, hukumar ONECS ce ke shirya Bak, kuma babu Probatuwar, abin da ke sa wasu 'yan Kamaru ke tsallaka gadar Ngeli su zauna a can. Tsarin takardarku na iya bambanta da namu, don haka tsofaffin takardunku za ka nema. Amma "claim" da "however" da "since" ba su san iyaka ba.

Yaya zan raba lokaci ranar jarrabawa?

In awa biyu aka ba ku, ka ba nahawu da kalmomi minti 35, auna fahimta 35, insha'i 40. Gurbin da ya gagare ka ka sa masa ɗigo da fensir ka wuce, za ka dawo. Kada ka bar insha'i sai saura kwata, maki 10 ne cur. Minti goman ƙarshe ka bi takardarka da bakin biro layi-layi, kana neman abu uku kawai: "s" a ƙarshen aikatau bayan "he", "she", "it", da "ed" bayan "was" da "been", da "but" ɗin da ya biyo "although". Ka zo da biro biyu iri ɗaya, da katinka, da gorar ruwa in an yarda a shiga da ita.